Sambo Mai Saurin Hannu da Kaciyar Autansa

A garinmu, wanda ke kan hanyar da ta tashi daga Bukkuyum ta nufi Gummi, in ka tara magidanta ka tambaye su wa ya yi musu kaciya, fiye da rabi za su ce Sambo. Wasu za su faɗa suna dariya, wasu kuwa har yau sai sun ɗan matse cinya tukuna. Labarinsa yana da tsawo, amma wanda ya fi zama a bakin mutane shi ne na shekarar da kaciyar autansa Khalifa ta so ta kuɓuce masa. A gidansu kuwa, tun kakannin kakanni, ba a taɓa yi wa ɗa namiji kaciya da hannun bare ba.

Sambo ɗan Dabo wanzami ne. A gindin zabirar ubansa ya tashi, kuma abu ɗaya Dabo ya dasa masa a kai: duk tausayin da wanzami zai yi wa yaro yana cikin saurin hannunsa. Ka gama kafin yaro ya gane an fara, shi ke nan ka ji tausayinsa. Cikin 'ya'yan Dabo, Sambo kaɗai aka sa boko. Ya yi firamare, ya wuce gaba, ya koyo aikin lafiya a ƙasar Sakkwato, ya dawo da farar riga da takarda, aka ba shi ɗakin shan maganin garinmu. Ba likita ba ne, shi ma ya sani, amma Likita muke ce masa, bai kuma taɓa hana kowa ba.

Shi ya ɗauko kaciya daga zaure ya kai ta asibiti. Ya riƙa dafa kayan aiki, ya riƙa ɗaure ciwo da tsabtataccen bandeji, ya kuma kawo abin da ubansa bai taɓa gani ba: allurar kashe zafi, wadda ma'aikata ke kira lignoken. Ana zagaye wurin da ita, fata ta mutu, a yanka yaro bai ji ba. Wanzamai sun yi gunaguni, amma ɗansu ne, suka haƙura.

Sai dai ita allurar da ake yi don kashe zafi tana da nata zafin. A hannun Sambo kuwa zafin ba kaɗan ba ne. Da babban bakin allura, mai koren gindi, yake zuƙo maganin, da shi kuma yake sokawa, ya danna shi duka a bugu ɗaya kamar yadda Dabo ke fizgar aska. Yaro ya tsala ihu, Sambo ya ce an gama, wa ke biye.

To, ka san al'adarmu. Bayan kaka, in an ba da hutun makaranta, ake tara yara 'yan shekara bakwai. Uba yana tsaye a kan ɗansa. Yaron da ya daure bai yi kuka ba a yanka masa zakara, wanda ya yi kuka kuwa kakanninsa da taubasansa su samu abin tsokana na shekara guda. Da aka ga duk yaron da ya shiga wurin Sambo sai ya yi kuka, har 'ya'yan mafarauta, sai dattawa suka yanke cewa kukan allura ba a ƙirga shi. Kowa ya yi kukansa ya ci zakaransa. Haka aka zauna lafiya shekara da shekaru.

Bayan an ba mu jiha, aka kawo wa ɗakin shan magani firij mai aiki da kananzir don ajiye maganin rigakafi. Sambo ya ɗauki son duniya ya ɗora wa firij ɗin nan. Da kansa yake gyara lagwani, da kansa yake goge shi. Kuma tunda ya san zafin garinmu yana lalata magani, sai ya ga ai duk abin da ke cikin kwalba gara ya sha sanyi. Ya kwashi kwalaben lignoken ya jera su kusa da ƙanƙara. Daga shekarar nan ihun yara ya fara kaiwa bakin kasuwa. Sambo ya ce alamar magani bai lalace ba ke nan.

A shekarar dubu biyu da ɗaya aka turo masa mataimaki, Ɗan'azumi, Kirista daga ƙasar Zuru, dogo siriri, wanda komai nasa a hankali yake, har gaisuwa. Sambo ya karɓe shi hannu biyu. Shi ya nemo masa ɗaki, shi ya gabatar da shi ga mai gari, yana ce masa ƙanena. Yakan ce wa mutane yaron yana da hankali, sai dai in ka aike shi ɗauko almakashi gara ka fara shan furarka.

Da hutu ya zo, aka kira Sambo bita ta kwana uku a Gusau. Ya bar wa Ɗan'azumi yara biyar, ya ce ya lallaɓa, in ya gaza ya jira shi. Da ya dawo, tun a tasha aka tare shi da labari. Yara biyar, ba wanda ya yi kuka. Har da ɗan Bello mahauci, yaron da kowa ya san akuya ma in ta kalle shi sai ya ruga bayan uwarsa. An ce yana kwance ana masa allura yana tambayar ko an fara.

Sambo ya yi dariya, ya ce madalla, ai shi ya koya masa. Amma ranar bai iya cin abincin rana ba.

Abin bai tsaya nan ba. Iyaye suka fara zuwa suna gaishe shi da ladabi, su tambayi lafiyar iyali, sannan su tambaya wace rana ce zai je Bukkuyum ɗauko maganin rigakafi. Da farko ya ɗauka saƙo za su ba shi. Sai da ya lura duk ranar da ya hau babur ya fita, benci cika yake da yara sanye da zane. Mafi ciwo kuma, kukan allura da aka ce ba a ƙirgawa, sai ga shi an fara ƙirgawa. Ba wanda ya kira taro ya soke maganar dattawa. Kawai dai wata kaka ta ce wa jikanta rago, ya ce ai kukan allura ne, ta ce to ɗan mahauci ba allura aka yi masa ba?

Daga nan Sambo ya daina cewa ƙanena. Ya koma cewa mutumin nan. In Ɗan'azumi ya ɗinke ciwo sai ya zo ya duba ya ce ɗinkin ya karkace. In mata suka yi wa Ɗan'azumi godiya a bakin ƙofa, sai Sambo ya tuna akwai shara a bayan ɗaki da ba a ƙone ba. Ko dariyar Ɗan'azumi ya jiyo daga ɗaya ɗakin, sai ya ji kamar da shi ake.

Khalifa ya cika shekara bakwai a kakar da ta biyo. Wata safiya uwarsa Hure ta ajiye wa Sambo koko da ƙosai, maimakon ta koma madafa sai ta zauna a bakin tabarma tana gyara ɗankwali.

"Malam, yaron ga hwa ba shi da ƙarfin zuciya. Ka bari baƙon ga shi yi mai."

"Wane baƙo?"

"Kai ma ka san shi."

"Ɗiya huɗu na yi ma kaciya gidan ga da hannun ga. Wane ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Malam. Amma duk sun yi kukan da maƙwabta sunka shigo tambaya."

Ta ƙara da cewa ita ba za ta iya shekara guda tana jin 'yan'uwanta suna ce wa autanta rago ba, kuma ta riga ta yi wa kakarsa maganar, kakar ma ta ce a kai shi inda ba a kuka. Kakar nan uwar Sambo ce, matar Dabo wanzami. Wannan ne ya fi ƙona shi. Ya ture kokon ya fita.

Ranar ya laɓe a tagar ɗakin aiki yana leƙen Ɗan'azumi. Ya ga ya zaro kwalba daga aljihun ƙirjin rigarsa, ya murza ta tsakanin tafukansa, ya zuƙi magani, ya cire babban bakin allura ya sa wani ɗan siriri. Da ya soka, sai Sambo ya ga leɓensa yana motsi, yana ta motsi, har aka gama. Sambo ya ce yawwa, ashe tofi ne irin nasu. Da Ɗan'azumi ya rataye rigar ya fita cin abinci, Sambo ya lalube aljihun yana neman laya. Bai samu komai ba sai kwalabe biyu masu ɗumi da ƙananan bakin allura.

Laya dai babu, amma ya samu abin da ya fi ta amfani a wurinsa: magani a aljihu, a wajen firij. Ya zauna ya rubuta takarda zuwa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, cewa mataimakinsa yana yawo da maganin gwamnati a jikinsa yana lalata shi, kuma ya kamata a duba ko a canja masa wurin aiki kafin hutu.

Bayan mako guda Sista Gladys ta zo, mai duba ɗakunan shan magani, mace mai kamala wadda ta girmi Sambo a aiki. Ta sa aka rufe ƙofa, su uku kawai. Ta buɗe firij, ta daɗe tana kallon cikinsa, sannan ta fara fito da kwalaben lignoken ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a tebur. Ta ce Oga Sambo, firij ɗin nan na rigakafi ne kaɗai. Ta nuna masa rubutun jikin kwalin, inda aka ce a ajiye a inuwa, ba a cikin sanyi ba. Ta ce magani mai sanyi in ya shiga fata zafi yake kamar wuta, kuma kwalbar da mutum ya ɗumama a aljihu ya yi aiki da ita a ranar babu abin da ya same ta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ambaci takardar ba.

Da Ɗan'azumi ya yi fushi, da Sambo ya samu sauƙi. Bai yi ba. Bayan tafiyar Sista ya zo ya ce, Oga, in kana so in nuna maka yadda nake yi, ba wani abu ba ne. Sambo ya ce yana da aiki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ɗakin shan magani ke kulle, Sambo ya koma shi kaɗai ya rufe kansa. Shekara goma sha bakwai yana soka wa 'ya'yan mutane maganin nan, bai taɓa jin shi a jikinsa ba. Ya ɗora kwalba ɗaya a kan ƙanƙara, ya cusa ɗaya a hammata, ya jira. Sannan ya naɗe hannun riga, ya zuƙi mai sanyin da babban bakin nan mai koren gindi, ya soka a fatar damtsensa na hagu, ya danna yadda ya saba.

Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa kunama ta taɓa harbinsa a rumbu, kuma ita ta fi ladabi. Ya yi tsalle ya ture kwanon wanke hannu, ya cusa hularsa a baki don kada masu wucewa su ji. Hawaye ya zubo masa. Ya daɗe a zaune a ƙasa, yana tuna fuskokin 'ya'yansa huɗu.

Da ya dawo hayyacinsa ya zuƙi mai ɗumin da siririn baki. Damtsen dama ne ya rage, dole ya riƙe sirinji da hagu, hagunsa kuwa ba ta iya komai ba, sai ta riƙa dannawa kaɗan-kaɗan. Ya ji ɗan tsini, ya ji ɗan nauyi, shi ke nan. Sai ya rasa ko ɗumin ne ko jinkirin. Mutumin kirki, ya sake na uku a cinya, mai ɗumi amma da saurin hannunsa na dama. Ya yi zafi, bai kai na farko ba, amma ya yi. Nan ya gane abu biyu ne, kuma ɗayan yana cikin hannunsa.

Ya ɗauka tunda ya gane, an gama. Ranar Litinin aka kawo wata yarinya, Mardiyya, lauje ya yanke ta a ƙafa, sai an ɗinke. Ya ɗumama kwalba, ya sa siririn baki, ya fara a hankali. Yarinyar ta ɗan motsa. Kafin ya yi tunani, babban yatsansa ya danne maganin duka. Ta fasa ihu. Hannu ne da ya saba shekara talatin, tun daga gindin zabirar Dabo, in ya ga yaro zai motsa, gamawa yake. Ya gwada ga wani yaro ranar Laraba, haka aka sake yi.

Saura kwana uku a fara kaciyar shekara, kuma Hure ta riga ta ɗinka wa Khalifa zanensa. Sambo ya iske Ɗan'azumi yana wanke kayan aiki a bayan ɗaki. Ya tsaya yana kallon bishiyar darbejiya, ya yi maganar tsadar kananzir, ya yi maganar wake, sannan ya ce:

"Wai mi kake karantawa in kana allura?"

"Karatu kuma, Oga? Ƙirga ce. Ɗaya zuwa talatin, da harshenmu. In ban kai talatin ba, maganin bai ƙare ba."

Ya ce wata tsohuwar nas ce ta koya masa a ɗakin tiyata, kuma takan bugi hannunsa da biro in ya riga ƙirgar.

Sai Sambo ya ce, "Ran Asabar za ni yi ma Khalifa. Ka zo ka yi mani ƙirgar ga. Ƙirga kaɗai. Hannunka na aljihu."

"To, Oga. Aljihun da kwalba ko wanda babu?"

Sambo ya harare shi, bai yi dariya ba. Ya ce shi ma yana da aljihu.

Ranar Asabar da hantsi aka kwantar da Khalifa. Sambo ya sa aka rataya zane daidai ƙirjin yaron don kada ya ga allura, ya kuma ce ba ya son kowa a ɗakin, shi ne uba shi ne mai aiki. Ɗan'azumi ya tsaya wajen kan yaron, hannu a aljihu kamar yadda aka ce. Ya tambayi Khalifa ajinsa nawa, ya ce shi bai yarda ɗan aji ɗaya ya iya ƙirga talatin ba. Khalifa ya ce ya iya har hamsin. Suka fara tare, da Hausa, a hankali.

A bayan zane Sambo ya zaro kwalba daga ƙirjinsa. Ya soka. Gumi ya karyo masa. Wajen goma yaron ya ɗan ɗaga gwiwa, yatsan Sambo ya yi nauyi, sai ya ji muryar nan mai sanyi da ya tsana tana cewa, "Oga, goma sha biyu muke." Ya sassauta. Suka kai talatin, suka sake wata talatin a ɗaya gefen. Sannan aka jira magani ya kama, minti biyar da Sambo ya ce sun fi masa azumin bazara tsawo. Da aka zo yanka kuwa, nan hannun gidan Dabo ya yi abin da aka san shi da shi. Ɗan'azumi ya leƙa, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma da gaske yake. Khalifa yana can yana neman arba'in da bakwai.

Aka ɗauke shi zuwa gida idonsa a bushe. Mata suka cika tsakar gida, kakarsa ta matso ta tambaye shi wa ya yi masa. Yaro ya faɗi abin da ya gani. Ya ce Ɗan'azumi ne.

Hure ta rangaɗa guɗa. Sambo ya ce shi ya yi, daga allura har ɗauri. Hure ta ce, "To, Malam," da irin muryar da ake lallashin mai zazzaɓi. Ta sa aka yanka zakara biyu, ɗaya na yaro, ɗaya ta sa a sabon kwano ta aika wa Ɗan'azumi. Uwar Sambo ta kira shi gefe ta ce ya kyauta da ya sauke girman kai, Allah ya yi masa albarka, ubansa ma da yana raye da ya fahimta.

Sambo ya je ya taso Ɗan'azumi ya kai shi teburin mai shayi, inda dattawa ke zama da safe, ya ce ya faɗa musu gaskiya. Ɗan'azumi ya faɗa tiryan-tiryan: shi ko sirinji bai taɓa ba, hannunsa na aljihu, Oga ne ya yi komai. Dattawa suka saurara suna gyaɗa kai. Da suka tashi, Bello mahauci ya ce shi bai taɓa ganin yaro mai tarbiyya irin wannan ba, dubi yadda yake rufa wa na gaba da shi asiri.

Haka maganar ta zauna a gari. Al'adar gidan Dabo ba ta karye ba, Sambo ya yi wa ɗansa na biyar kaciya da hannunsa, kuma mutum biyu ne kawai suka yarda da haka, ɗayansu ma shi ne.

Sun ƙara shekara huɗu suna aiki tare. Sambo ya koyi ƙirga a zuciyarsa, da Larabci yake yi don kada a ce ya kwaikwayi wani. Bai sake rubuta takarda ba, amma bai daina duba ɗinkin Ɗan'azumi ba. Da aka yi wa Ɗan'azumi canji zuwa Anka, Sambo ne ya ɗaure masa kaya a bayan mota, ya ba shi buhun gero, ya kuma ce wa direba ya yi haƙuri, fasinjan nan ko sauka daga mota sai ya ɗauki rabin sa'a.

Bayan tafiyarsa Sambo ya yi tsammanin sunansa zai dawo masa. Yara suna shiga suna fita ba kuka, shi kaɗai a ɗakin, ba wanda zai ce wani ne a bayan zane. Hutun farko, wani magidanci daga Tungar Guru ya zo da tagwayensa a kan babur, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce tun daga can suka ji labari.

"Likita, irin ta Ɗan'azumi za ka yi musu, ko?"

Sambo ya taɓa aljihunsa ya ji kwalbar ta yi ɗumi, ya ce a kwantar da Hassan tukuna.